Tafiyar Lomen da Mutala Bai Yi Ba

A Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta birnin Accra, idan ka tambayi mai sayar da fitilu da maduban mota na hannu, za a nuna maka wani lungu a ce ka nemi Mutala Lome. Da wuya ka same shi a zaune. Ko dai yana bakin shago yana sake goge fitilar da ya riga ya goge, ko ya zagaya layin baya gaida wani, ko ya raka mai saye har bakin titi ba tare da an roƙe shi ba. Ya haura shekara hamsin da biyar, siriri ne, gemunsa ya yi fari ta gefe ɗaya kafin ɗayan. Motoci ne abincinsa, amma shekara goma sha tara ke nan ba a ga hannunsa a kan sitiyari ba. Idan aka tambaye shi, sai ya ce ido ne.

A unguwar Nima aka haife shi, a gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu da famfo ɗaya. Kakansa ya zo daga Katsina da fataucin shanu, bai koma ba. Mahaifinsa, Malam Sulemana, tela ne, mutum mai kunya, wanda bai taɓa ɗaga murya a tsakar gida ba. Mutala bai iya zaman keken ɗinki ba. Tun yana saurayi ya bi trotro, motocin hayar da ke ɗaukar rabin mutanen Accra kowace safiya, ya yi kwandasta, ya zama direba. Ya auri Zuera, mai koko da ƙosai a unguwar Maamobi, ya koma can da zama. 'Yarsu ta fari suka sa mata Ruhaina, sunan mahaifiyarsa, don haka bai taɓa kiran sunan ba. Uwata yake ce mata.

A tasha ya koyi shan apio, barasar gida da ake sayarwa a bayan rumfuna cikin ƙaramin kofi. Da farko don ciwon baya ne, haka sauran direbobi suka ce masa. Daga baya bayan ya daina ciwo, kofin bai daina ba. Yakan tauna citta da goro kafin ya shiga gida.

Wata Asabar da rana a shekarar 2005, yana dawowa daga jana'izar wani direba abokin aikinsa, motar babu fasinja, ya hau kan rumfar wata mata mai sayar da kenke, tuwon masarar Ghana, a mahaɗar Malam, kan hanyar Winneba. Hannunta ya karye wuri biyu. 'Yan sanda suka shaƙi bakinsa, suka dangwala yatsunsa a baƙin tawada. Kotu ta ba shi wata huɗu a kurkuku, ta karɓe lasisinsa.

Yayansa Iddrisu ne ya tara manyan gida a ɗakin mahaifinsu. Ya ce ba za a ji a Nima cewa ɗan Malam Sulemana yana kurkuku saboda giya ba, kuma ba za a bar yarinya 'yar shekara bakwai ta tafi makaranta da wannan a kanta ba. Mutala ya tafi Lome, ƙasar Togo, taya wani ɗauko motoci daga tashar jirgin ruwa. Abin da za a ce ke nan, kuma abin da aka ce ke nan.

Ranar da aka sake shi, Iddrisu ya tare shi da jaka. A ciki akwai turare, da dogon burodi, da wata ƙaramar lema rawaya, duk a kasuwar Nima ya saye su. Ya kai shi wurin wanzami, ya kai shi wurin liman ya tuba su uku a ɗaki, sannan a cikin tasi ya koya masa gaisuwar Faransanci guda uku, domin shi Iddrisu ya taɓa zuwa Lome da gaske.

"Ka ce bonjur. Ka ja leɓenka gaba, kamar za ka hura wuta."

"Yaya, ni kunya nake ji."

"Kunyar ta wuce tun a mahaɗar Malam. Maimaita."

Da ya shiga gida Ruhaina ta maƙale masa a wuya, ta buɗe lemar a cikin ɗaki, ta ce ya yi mata yaren Lome. Ya yi. Washegari ta kawo ƙawayenta ya yi musu. A hankali labarin ya yi ƙafafu. Ya ƙara masa teku, ya ƙara masa 'yan babur da ba sa tsoron mutuwa, ya ƙara wani Bature mai ƙaton ciki da ya so ya riƙe shi aiki. Da ya buɗe shago a Abossey Okai, sunan ya riga shi isa. Giya kuwa bai ƙara kai ta bakinsa ba. Mutumin da ake kira Mutala Lome bai taɓa haye iyakar kowace ƙasa ba, ko Aflao, garin bakin iyakar Togo, bai taɓa gani ba.

Ruhaina ta yi karatun jinya, ta auri wani ɗan Maamobi mai suna Mujeeb, suka tafi Kanada. Shekara uku ba ta zo gida ba. A watan da ta sanar da su tana da ciki, ta ce tana son su zo su biyu, uwa ta yi mata wankan jego, uba ya yi wa jariri huɗuba da bakinsa. Mutala ya kasa cin abinci ranar saboda murna. Ya yi fasfo, na farko a rayuwarsa, ya ɗinka riguna biyu, ya ba da ɗinkin ta uku, ya tambayi duk wanda ya taɓa fita ko sanyin can yana kashe mutum.

Ran wata Litinin bayan la'asar ta kira shi a bidiyo domin su cike fom ɗin biza. Safiya ce a wurinta, tana zaune da kofin shayi da kwamfuta.

"Baba, ka tsaya wuri ɗaya mana. Sama nake gani, sai rufi, sai hancinka."

"A tsaye nake, Uwata."

"Wace tsayuwa? Ga shagon mai taya ya wuce sau biyu."

Ta fara karanto tambayoyi tana fassara masa. Ko ya taɓa aikin soja? Ya ce ko faretin makaranta korarsa aka yi. Ko ya taɓa tarin fuka? Ya ce Allah ya tsare. Sai ta karanta ta gaba, tana murmushi tun kafin ta gama: ko an taɓa kama shi, ko an gurfanar da shi, ko wata kotu ta yanke masa hukunci, a kowace ƙasa.

"A'a," in ji shi. Kalmar ta fita kafin ya san ta fita.

"Na riga na danna. Babana da ko kaza ba ya iya kora." Ta kurɓi shayi. "Sai wasiƙar gayyata. Zan rubuta cewa ka taɓa fita ƙasar waje ka dawo gida da kanka, suna son jin haka. Wata huɗu ka yi a Lome, ko? Ina takardun lokacin?"

"Ruwan da ya shiga ɗaki ya cinye su."

"Ba komai, zan rubuta hakanan. Ni zan sa hannu. Juma'a nake aikawa, daga nan su kira ku ku je a ɗauki yatsunku. Amma Baba, ka tabbata komai daidai ne, mutanen nan ba sa wasa. Idan suka kama ƙarya a fom, shekara biyar suke hana mutum."

Da ta kashe, ya ga kansa a gaban shagon da bai sani ba, layi uku daga nasa. Ya dubi babban yatsansa na dama, ya goge shi a riga.

Talata bai yi ciniki ba. Wani ya zo neman madubin hagu, ya ba shi na dama, mutumin ya dawo da zagi. Da azahar ya rufe shago ya hau trotro zuwa Nima. A kujerar baya ya zauna kamar kullum, ƙafarsa tana taka burkin da babu.

Ya sami Iddrisu a kan benci a gaban masallaci. Ya tsufa, gwiwoyi sun ƙi, amma bakin yana nan. Ya saurari maganar har ƙarshe yana jan carbi.

"To sai me? Ka ce a'a, magana ta ƙare."

"Za su ɗauki yatsuna, Yaya."

"Yatsun me? Takardun wancan zamanin ɓeraye sun yi biki da su tun tuni. Allah ya rufa maka asiri shekara goma sha tara, kai kuma za ka ɗauki waya ka tona? Wa ya aike ka? Ka tuba a gabana, liman da bakinsa ya ce maka an shafe."

"Liman bai ga fom ɗin ba."

"Ei, Mutala! Yanzu fom ya fi liman?" Ya matso da murya ƙasa. "Ba Bature kake tsoro ba, na san ka. Yarinyar nan tana ganinka kamar waliyyi. Mu muka gina mata wannan, ni da uwarta da tsohon da ke kabari. Ka bar mata kayanta. Ka je ka ga jikanka ka dawo."

Mutala ya tashi da niyyar bin maganar yayansa. Kafin ya kai babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi ya sake shawara, kafin ya kai gida ya sake kuma. Ya yi alwala sau biyu don ya manta ya yi ta farko.

Laraba da sassafe Zuera tana bakin titi tana suya. Ya zo ya tsaya a gefenta yana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Ta sallami mutum uku kafin ta yi magana, ba ta dube shi ba.

"Baban Ruhaina, tun Litinin kake zagaya ni kamar kuda. Fom ɗin ne?"

Ya gaya mata, har da maganar Iddrisu.

"Yaya Iddrisu ba shi zai tsaya a gaban mutanen ba." Ta juya ƙosai. "Ni na san Lomen nan, duk Laraba nake kai maka tuwo can, ba sai an ba ni labarinta ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Sunan wa ke ƙasan wasiƙar?"

"Nata."

"Da cikinta, a ƙasar mutane, da takardunta da ba su gama zama ba. Ta rubuta ƙarya ta sa hannu, ba ta ma san ƙarya ce ba." Ta tsame ƙosan, mai yana tsiyaya. "Mun ɓoye wa yarinya 'yar shekara bakwai. Wannan matar aure ce. Ka matsa, kana tare mini masu saye."

Alhamis bayan la'asar ya ɗauki waya, sai ya gane babu inda zai yi maganar. A gida bangon ɗaki katako ne, maƙwabciya tana jin tarinsa ta ce masa sannu. A shago makanikai ne ko'ina. A masallaci kunya ba za ta bar shi ba. Ya fita yana tafiya, ya wuce masu shayi, ya wuce masu wankin mota, duk inda ya tsaya sai wani ya ɗaga hannu ya ce Lome, ina gajiya. Sai da ya kai bakin babban titin Kanda, inda ƙarar motoci ke cinye kowace murya, ya jingina da ƙarfen gefen hanya. Bai kira ta a bidiyo ba.

"Baba, lafiya? Ina shirin fita aiki."

"Uwata, tambayar nan ta kotu. Ki goge a'a ɗin."

"Wace tambaya?"

Ya faɗa mata a jere, kamar mai karanta takarda: apio, jana'izar, mahaɗar Malam, hannun matar, wata huɗun. Wata tirela ta wuce, ya dakata, ya ci gaba. Da ya gama, ta ce:

"Lomen fa?"

"Ban taɓa zuwa ba."

"Lemar?"

"Kasuwar Nima. Babanki Iddrisu ya saya."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Baba, ka tuna Fauziya? 'Yar ajinmu. Ta ce babana ɗan kurkuku ne, na fasa mata baki, haƙorinta ya gutsure. Kai ka kama hannuna ka kai ni gidansu, ka sa na durƙusa na ba ta haƙuri. A hanya ka ce mini kada in kula da maƙaryata."

"Na tuna."

"Har yau ba ma gaisawa."

Ya mayar da wayar ɗayan kunnen.

"Na makara," in ji ta. "Zan kira ka."

Juma'a ta wuce ba ta kira ba. Asabar ma haka. Ta kira uwarta, suka yi magana a ɗaki ƙofa a rufe, Zuera ta fito ba ta ce masa komai ba sai cewa yarinyar tana lafiya. Ya cire wayarsa daga aljihu ya mayar fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Ya kai ta wurin mai gyara ya ce ba ta ƙara, mai gyaran ya kira shi a gabansa ta yi ƙara. Ya je wurin tela ya ce a dakata da riga ta uku, ya dawo ya ce a ci gaba. Iddrisu ya aiko masa da saƙo cewa shi ya wanke hannunsa.

Ran Talata saƙon murya ya shigo, minti biyu da rabi. Muryarta a daidaice take, kamar tana karanta wa likita bayanin marar lafiya. Ta ce ta ga lauya. A can tuƙi cikin maye babban laifi ne, tsufansa ba ya sa a manta da shi hakanan, amma akwai hanyar da ake bi a nemi a yafe wa mutum idan shekaru sun wuce. Sai ya samo kwafin hukuncin kotu, da takardar 'yan sanda, da wasiƙun mutanen da za su shaide shi. Abin yana iya cin shekara, ko fiye, kuma babu wanda ya yi alkawari. Mama za ta fara zuwa ita kaɗai. Shi ba zai samu bikin sunan jaririn ba. Can ƙarshe ta ce ya riƙa shan maganinsa na hawan jini.

Ya saurara sau huɗu. Washegari ya sa farar riga ya tafi kotun da ta yanke masa hukunci.

Ofishin ajiye takardu yana ƙasa, ɗaki ne mai benci biyu da taga mai ƙarfe, fanka tana ƙara a sama. Mutane sun kai ashirin. Yana shiga aka kira sunansa. Hajiya Madina ce, maƙwabciyarsu ta gida na uku a Maamobi, wadda ta shekara shida tana shari'ar fili da dangin mijinta, kuma babu labarin da ke kwana a bakinta.

"Malam Mutala! Kai ma fili aka cinye maka?"

"Wata 'yar takarda ce, Hajiya."

Ya yi tunanin ya fita ya dawo gobe. Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon masu sayar da ruwa a waje, ya dawo layi. Da aka zo kansa, magatakardan bai ɗago ba. Ya tambayi suna da shekara da Turanci, Mutala ya ba shi. Ya tambayi lambar shari'a, ya ce ba shi da ita, amma ya san ranar, ya faɗe ta da wata da kwana.

"Wane laifi?"

Mutala ya sunkuya ya faɗa ta tsakanin ƙarafen.

"Baba, ɗaga murya, fankar nan ba ta bari a ji."

Ya miƙe. Ya ɗaga murya. Ya ce tuƙi cikin maye, da raunata mutum, wata huɗu. Wani saurayi a layi ya waiwayo ya dube shi daga hula zuwa takalmi. Magatakardan ya rubuta kamar an ce masa adireshi, ya ce takardun shekarar suna wani ɗakin ajiya a wani gini, mai makullin ya tafi hutu, ya dawo bayan mako biyu.

Dole ya wuce ta gaban bencin Hajiya Madina. Ta kama gefen rigarsa, ya tsaya yana jira.

"Matar nan mai kenke," ta ce, muryarta ƙasa yadda bai taɓa ji ba, "bara ta rasu. 'Yarta ce ke rumfar yanzu. Na ce ko ba ka ji ba."

Ya sunkuyo. "Kin sani?"

"Malam Mutala, a Maamobi muke fa." Ta saki rigar. "Ka gaida Zuera. Idan wasiƙar shaida suke so, ɗana yana rubuta Turanci mai kyau."

A waje rana ta take. Ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya, ya danna wayar ya kai ta baki. Sau biyu yana gogewa yana sakewa. A na uku ya ce, "Uwata, na je kotun. Sun ce mako biyu, mai makulli ya tafi hutu. Na sha maganin."

Ya ga alamar ta ji. Ya ga tana rubutu, ta daina, ta sake farawa. Motoci uku masu zuwa Maamobi suka tsaya suka tashi bai shiga ba. Sannan saƙon ya zo, layi biyu: kada ya jira mako biyu, ya koma Litinin ya tsaya musu a kai. Kuma ya je neman takardar 'yan sanda yau, tunda ya riga ya fito.

Ya tambayi wata mai sayar da ayaba inda ake hawa motar da ke bi ta ofishin 'yan sanda. Ta nuna masa tsallaken titi. Ya duba dama, ya duba hagu, ya tsallaka da sauri.